Zama malamin jami'a a fannin netwok da tsarin kwamfuta: me aikin ya ƙunsa, kuma ina wahalar take?

Yawancin matasanmu da suka karanta kwamfuta idan suka ce suna son netwokin, abin da ke ransu shi ne CCNA, wato takardar shaidar ƙwarewa ta kamfanin Cisco, da haɗa kan kebul, da saita rauta, na'urar da ke nuna wa bayanai hanya, ta Mikrotik ko Cisco a ofis ko a otal. Wannan sana'a ce mai kyau kuma tana ciyar da gidaje da yawa, amma ba ita ce aikin malamin jami'a mai bincike a wannan fannin ba, kuma rashin bambance su ne ke sa yaro ya gama digiri da sakamako mai kyau, a riƙe shi a sashe, ya yi shekara goma yana koyarwa bai taɓa sanin me takwarorinsa na duniya suke yi ba. Injiniya yana amfani da ƙa'idojin da aka riga aka tsara ne. Shi kuwa mai bincike aikinsa ya tambayi me ya sa aka tsara su haka, a ina suke karyewa, sannan ya gina wani abu da ya fi su ya kuma auna ya nuna wa duniya cewa lallai ya fi ɗin. Fannin ya haɗa da manhajar da ke tafiyar da ita kanta kwamfutar irin su Linux, da yadda dubban kwamfutoci ke haɗa kai su yi aiki ɗaya, da ajiyar bayanai, da yadda saƙo ke bi ta wayoyi da iska ya isa inda aka aika shi.

Bari mu kalli aiki ɗaya a kusa don a ga irin binciken da ake nufi. A watan Oktoban 1986 intanet ɗin wancan lokacin ta shiga wani hali, tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wuraren da tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, gudun bayanai ya faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40 kacal, wato ya ragu ninki 800, alhali ba waya da ta tsinke ba na'urar da ta ƙone. Van Jacobson da Mike Karels suka zauna suka bi diddigin fakitin bayanan, wato ƙananan gutsattsarin da ake yanka saƙo kafin a aika shi, ɗaya bayan ɗaya, sai suka gano cewa kwamfutocin ne da kansu ke kashe hanyar, idan layi ya cika rauta ta zubar da wasu fakiti, mai aikawa bai ji amsa ba sai ya sake turo su, kowa na sake turowa a lokaci guda, sai cunkoson ya ƙara ninkuwa. Kamar dai mahaɗar titi ce a Kano da yamma idan ba danja ba ɗan sanda, kowane mai adaidaita ya cusa kai don ya riga wani, ƙarshe ba mai motsi. Maganin da Jacobson ya kawo shi ne mai aikawa ya fara da fakiti kaɗan, idan amsa ta dawo ya ninka, ya ci gaba da ninkawa har zuwa wani mataki sannan ya koma ƙarawa ɗaya-ɗaya, da zarar ya ga fakiti ya ɓace to ya ɗauka hanya ta cika ya rage gudunsa da rabi. Ya rubuta wannan a cikin manhajar Unix ta Berkeley, ya gwada a kan layi na gaske, ya zana jadawalin kafin gyara da bayan gyara, ya gabatar a taron masana netwok na SIGCOMM na 1988. Yau wayar da ke hannunka tana ɗauke da jikokin wannan dabarar duk lokacin da ka buɗe shafi.

Kun ga abubuwa uku a wurin, matsala ta gaske, da abin da aka gina da hannu, da awo. Duk wanda zai yi suna a fannin nan to da waɗannan zai yi. Ba a karɓar "ina ganin zai yi aiki", sai ka rubuta manhajar, wani lokaci layi dubu goma ko fiye, ka ɗora mata nauyi har ta kusa faɗuwa, ka gwada ta da mafi kyawun abin da ake da shi a yanzu. Shi ya sa takarda ɗaya mai kyau takan ci shekara ɗaya ko biyu, da ɗalibai uku ko huɗu a kanta. Mai ilimin lissafi zai iya zama da takarda da biro ya fitar da sakamako, amma mutumin tsarin kwamfuta sai ya kwana a lab yana neman dalilin da ya sa abu ke mutuwa bayan awa shida yana gudu lafiya.

Sai kuma wani abu da ke rikita mutane sosai, musamman kwamitocin ƙarin girma. A likitanci ko kimiyyar sinadarai mujallar ilimi ita ce sarauniya, taron masana kuwa wurin gaisawa ne da gabatar da taƙaitaccen bayani. A wannan fannin abin a juye yake. Manyan ayyuka a taro ake buga su, SIGCOMM da NSDI a ɓangaren netwok, SOSP da OSDI a ɓangaren tsarin kwamfuta, akwai IMC na masu auna intanet, da MobiCom na masu waya da iska, da EuroSys a Turai. Cikakkiyar takarda kake turawa mai shafi goma sha biyu ko makamancin haka, masana su karanta ba tare da sun san sunanka ba, su zauna su yi gardama a kanta, kuma a mafi yawan shekaru cikin takardu biyar da aka tura da kyar ɗaya ke shiga. SOSP tun 1967 ake yin sa. Takardar da Google ta bayyana tsarin ajiyar fayilolinta a SOSP na 2003 ta fito, ta MapReduce kuma, tsarinta na raba babban aiki ga dubban kwamfutoci, a OSDI na 2004. Su ma Amurkawan sun sha wannan rigimar da shugabannin jami'o'insu, har sai da ƙungiyar CRA ta sassan kwamfuta ta fitar da takarda a 1999, wadda David Patterson da Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman suka rubuta, tana bayyana wa kwamitoci cewa su daina raina takardun taro da manhajojin da malami ya gina idan ana duba cancantarsa.

To yaya hanyar take a inda fannin ya fi ƙarfi, wato Amurka? Farko dai digirin dakta, shekara biyar zuwa shida galibi, kuma abin da yaranmu da yawa ba su sani ba shi ne a manyan sassan kwamfuta ba ɗalibi ke biya ba, shi ake biya. Ana ɗauke masa kuɗin makaranta a kuma ba shi alawus na wata-wata a matsayin mataimakin bincike ko mataimakin koyarwa, kuma ana iya shiga kai tsaye da digirin farko ba sai da mastas ba. A Jamus da Suwizalan ma ɗalibin dakta ma'aikaci ne mai albashi. Abin da ya fi sunan jami'a muhimmanci shi ne sufabaiza, domin shi zai koya maka yadda ake zaɓen matsala, wanda shi ne rabin aikin, kuma shi zai rubuta maka wasiƙar da za ta buɗe ƙofa ko ta bar ta a rufe. Wanda ya kammala da takardu uku ko huɗu a waɗancan tarukan, masu bin zare ɗaya ba tarkace ba, shi ne zai nemi kujerar mataimakin farfesa. Ana tura takardun nema wajen ƙarshen shekara, a kira mutum intabiyu tsakanin Janairu da Afrilu, ya yi lakca ta awa ɗaya a gaban duk malaman sashen kan bincikensa, sannan ya wuni yana shiga ofis-ofis kowane malami na yi masa tambayoyi.

Idan an ɗauke shi ba a gama ba, yanzu ma aka fara. Yana da kusan shekara shida ya nuna kansa, bayan nan jami'a za ta rubuta wa manyan masana na wasu jami'o'in ta tambaye su, wannan mutumin me ya canza a fannin? Idan amsa ta yi daɗi a tabbatar masa da kujera ta dindindin, idan ba ta yi ba a ba shi shekara ɗaya ya nemi wani wurin. A cikin shekarun nan shi ne mai neman kuɗi, domin albashin jami'a na wata tara ne, sauran ukun daga tallafin bincike yake fitowa, kuma kowane ɗalibin dakta da ya ɗauka shi zai nemo kuɗin alawus ɗinsa daga NSF ko DARPA, hukumomin gwamnatin Amurka masu ba da tallafin bincike, ko kamfanoni. Akwai tallafin NSF na shekara biyar da ake kira CAREER wanda kusan duk sabon malami ke fafutukar samu. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki, wanda ya shigo don yana son rubuta manhaja sai ya tarar rabin lokacinsa ya tafi a rubuta takardun neman kuɗi, da gyara rubutun ɗalibai, da karanta takardun wasu a kwamitin taro, wanda kuma kyauta ake yi. Ni a ganina wannan ne babban gwajin, shin za ka ji daɗi idan ɗalibinka ne ya gina abin, sunansa ne a gaba naka a ƙarshe? Wanda bai da wannan zuciyar gara ya tafi kamfani tun da wuri, ba aibu ba ne.

Kuma kamfanonin suna ja da ƙarfi, don a fannin nan tazarar da ke tsakanin lab da kasuwa gajera ce ƙwarai. Dubi Martin Casado, ɗalibin dakta a Stanford ƙarƙashin Nick McKeown. Tambayarsa mai sauƙin faɗa ce, me ya sa kowace rauta da kowane suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya, za su riƙa yanke hukuncin hanya da kansu, kowanne da rufaffiyar manhajar kamfanin da ya ƙera shi, me zai hana a cire ƙwaƙwalwar a mayar da ita wuri ɗaya, na'urorin su zama masu bin umarni kawai? Suka gina tsarin da suka kira Ethane suka gwada shi a kan netwok ɗin sashensu da mutane na gaske suna amfani da shi, suka buga a SIGCOMM na 2007, daga nan OpenFlow, ƙa'idar da ake ba na'urorin umarni da ita daga wuri ɗaya, ya fito a 2008. Casado da McKeown da Scott Shenker na Berkeley suka kafa kamfanin Nicira, a 2012 VMware ta saye shi a kan dala biliyan 1.26, a 2013 kuma Google ta buga takardar da ke bayyana cewa da wannan salon take tafiyar da layukan da ke haɗa cibiyoyin bayananta na duniya. Ita kanta VMware ɗin daga binciken Farfesa Mendel Rosenblum na Stanford ta samo asali a 1998. Spark ma, manhajar sarrafa tarin bayanai a kan kwamfutoci da yawa, a lab ɗin Berkeley aka fara shi a 2009. Amma abin yana da ɗaci ta wani gefen, yanzu manyan matsalolin suna cikin cibiyoyin bayanan Google da Amazon da Microsoft masu dubun dubatar kwamfutoci, ba jami'ar da ke da irinsu, don haka malami ko dai ya tura ɗalibansa can su yi aikin hutu su dawo da sanin matsalar, ko ya nemi tambayar da kamfani ba zai damu da ita ba saboda ba riba a ciki.

Koyarwa fa? Wasu na ɗaukarta kamar harajin da ake biya don a samu damar bincike, kuma wallahi wannan kuskure ne babba, tarihin fannin ma ya ƙaryata su. Andrew Tanenbaum a Amsterdam ya rubuta MINIX, ƙaramar manhajar tafiyar da kwamfuta, a 1987 don kawai ɗalibansa su samu manhajar da za su buɗe cikinta su gani, a kanta ne wani ɗalibi a Helsinki mai suna Linus Torvalds ya koyi aikin kafin ya fara Linux a 1991. A MIT sun rubuta xv6 a 2006, ƙaramar manhaja da ɗalibi zai iya karance ta kaf a semesta ɗaya ya kuma ƙara mata sassa. A Stanford kwas ɗin netwok na masu digirin farko ɗalibi da hannunsa yake rubuta TCP, wato ƙa'idar da ke tabbatar da cewa bayanai sun isa cikakku kuma a jere, ya haɗa ta da intanet ta gaske ta yi magana da kwamfutar da ke wata ƙasa. Yaron da ya yi wannan ba zai taɓa manta me ya sa kwamfutoci biyu ke yin gaisuwa ta matakai uku kafin su fara aika bayanai ba, don ya ga yadda abin ke watsewa idan ya tsallake ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake koyar da kwas ɗin nan a wurare da yawa a wajenmu. A zana matakai bakwai na OSI, wato taswirar da ke kasa aikin netwok hawa-hawa, a allo, a haddace, a zo jarrabawa a zayyano su, a ci A, alhali ɗalibin bai taɓa ganin fakiti ɗaya da idonsa ba. Kuma ba maganar kuɗi ba ce a nan, Wireshark, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, kyauta ne, ka buɗe shi a laftof ka shiga wani shafi, nan take za ka ga tambayar DNS, wato ta neman adireshin shafin, ta fita amsa ta dawo da adireshi, ka ga gaisuwar nan ta matakai uku, SYN ya tafi, SYN-ACK ya dawo, ACK ya bi baya, ka ga milisakan nawa kowanne ya ɗauka. Manhajar Mininet ma kyauta ce, a cikin laftof ɗaya za ka ƙirƙiri netwok mai suwic goma ka matse layi ɗaya ka ga cunkoson da Jacobson ya gani. xv6 kyauta ne. Abin da ya rage shi ne malamin da shi kansa ya taɓa yi, da kuma ajin da bai kai mutum ɗari uku ba don a iya duba aikin kowa.

Wannan ya kawo mu ga yadda aikin yake a Najeriya. Matakan namu na Ingila muka gada, daga mataimakin da aka riƙe bayan digiri, zuwa mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, rida, sannan farfesa, kuma galibi sai an yi aƙalla shekara uku a mataki kafin a nemi na gaba, a manyan matakan biyu kuma a tura takardun mutum ga masu tantancewa na waje. Matsalar tana wajen ƙirga maki. A jami'o'i da yawa takardar mujalla ta fi takardar taro maki, kuma yawa ake dubawa, to ka ga wanda ya kashe shekara biyu ya gina abu ɗaya na gaske sai ya tarar abokin aikinsa da ya buga takardu takwas a mujallun da ake biya a buga cikin sati biyu ya wuce shi. Mutum ba wawa ba ne, abin da ake saka wa lada shi zai yi. Shi ya sa za ka ga tulin takardu masu taken an inganta kaza da kaza, duk a cikin manhajar kwaikwayo aka yi su, ba a taɓa ɗora su a kan na'ura ko ɗaya ba, ba kuma wanda zai iya maimaita sakamakon don ba a saki manhajar ba. Ban ɗora wa matasan malaman laifi ba, ga kwas huɗu ko biyar a semesta, ga makin takardun ɗaruruwan ɗalibai, ga furojet na 'yan aji huɗu, ga aikin jami'in jarrabawa, ga wutar da ba ta tsayawa a bar gwaji ya kwana yana gudu, ga yajin aikin ASUU da ya ci kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. TETFund da PTDF sun tura mutane da yawa karatu Ingila da Malesiya da sauran wurare kuma an amfana, amma mutum ya dawo da dakta ya tarar ba lab ba ɗaliban da ake biya su zauna bincike cikakken lokaci, ɗalibin dakta a nan yawanci ma'aikaci ne a wani wurin da ke leƙowa ƙarshen mako. Ga kuma kamfanonin waje da ke ɗaukar irin waɗannan mutanen aiki daga gida suna biya da dala.

Duk da haka akwai ɓangaren da muke da abin da Stanford ba ta da shi, wato matsalolin da ke ƙofar gidanmu waɗanda ba a auna su sosai ba. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da layukan waya suka rikice a ƙasashe da dama. Ta ina bayanan suka koma bi, wane kamfani ya farfaɗo da wuri kuma me ya sa, me mutumin Sakkwato ya gani da ya bambanta da na Legas? Masu bincike sun daɗe da nuna cewa saƙo tsakanin ƙasashen Afirka biyu sau da yawa sai ya je Turai ya dawo saboda kamfanonin ba su haɗu a gida ba, kuma zuwa Landan da dawowa daga Legas kaɗai kusan milisakan 100 ne. Nijar ba ta da teku, ta cikin maƙwabta take samun layi, to saƙon da ya tashi daga Kano zuwa Maraɗi wace hanya yake bi? IXPN, wato mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya ke musayar bayanai, tana da reshe a Kano, kashi nawa na zirga-zirgar Arewa ke tsayawa a nan ba tare da ta gangara Legas ba? Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, me ya faru da hada-hadar kuɗi ta waya, kuma wane irin tsari ne zai iya riƙe saƙo ya isar da shi daga baya idan sabis ya dawo? Akwai NgREN da aka kafa don haɗa jami'o'in Najeriya, da WACREN mai haɗa na yankin, wa ya zauna ya auna yadda ake amfani da su?

Irin wannan binciken ba ya buƙatar cibiyar bayanai ta biliyoyi. Shirin auna intanet na RIPE Atlas na raba ƙananan na'urorin awo da ake maƙalawa a rauta, akwai ma wanda ake sakawa a matsayin manhaja, kuma wanda ya karɓi ɗaya yana samun damar yin awo daga dubban irinsu a duniya. Malami ɗaya a Bayero ko ABU Zariya ko jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da ɗalibai biyar masu ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi da batirin sola a garuruwa biyar, suna auna layukan MTN da Airtel da Glo duk awa na tsawon shekara, zai tara bayanan da ba kowa ke da su ba, kuma tarukan masu auna intanet irin su IMC da PAM aikinsu kenan karɓar irin wannan idan an yi awon da tsafta an kuma saki bayanan kowa ya duba. Ɗalibin da ya yi shekara a irin wannan aikin, ya iya harsunan rubuta manhaja na C da Python ya kuma iya Linux, yana da manhajarsa a shafin GitHub da za a buɗe a gani, to idan ya rubuta wa farfesa a waje yana neman gurbin dakta yana da abin nunawa da ya wuce sakamakon jarrabawa, kuma yawancin jami'o'in Amurka a watan Disamba suke rufe karɓar takardun nema, don haka wanda ke aji uku yanzu ne ya kamata ya fara.